Masu wankin gilashin benaye, yaya kuke yi da iskar hunturun nan?

Mai Waifa, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata wankin tagogi da gilasan gaban shaguna da ofisoshi, ina da yara uku da muke aikin tare. Akwai wani bene mai hawa huɗu a wajajen Bompai da nake wanke wa duk wata, gabansa gaba ɗaya gilashi ne mai duhu, kuma yana kallon gabas. Tunda hunturu ya kankama aikin ya zame mini ciwon kai.

Kafin yaro ya gama shafa ruwan sabulu ya ɗauko waifa, wato robar da ake share ruwan da ita, rabin gilashin ya bushe. In ya ja, robar sai ta riƙa tsalle tana ƙara, ta bar layi-layi. Wanda muka samu ya fita tas kuma, ruwan da iska ta kwaso daga tagar gefe ya fallatsa masa, ƙura ta bi ta manne. Da la'asar in rana ta juya ka tsaya a titi ka duba, kai ka ce ba a taɓa shi ba. Manajan gidan ya riƙe mini rabin kuɗin watan jiya a kan haka.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Hawa na ɗaya da na biyu da tsanin alminiyam mai zugewa muke yi, na sama kuma ta ciki muke leƙowa. Ranar Talata ina riƙe da gindin tsani, ƙaramin cikin yaran yana sama, wata iska ta kewayo ta kusurwar ginin, na ji tsanin ya motsa a hannuna. Na ce ya sauko, muka naɗe kaya. Manaja ya ce wai iskar da ko hular mutum ba ta cirewa ita ce za ta hana aiki, ga shi suna da baƙi daga Abuja ranar Alhamis.

To ku da kuka daɗe a harkar, a ina kuke tsayar da aiki? Akwai wani ma'auni da zan nuna wa mai gida, ko kowa da idonsa yake aunawa? Sannan me kuke zubawa a ruwan da zai hana shi saurin bushewa?

Baba Mai Tsani:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi daidai da ka sauko da shi. Manajanka a ƙasa yake tsaye, a bayan katanga. Iskar da ke hawa na biyu ba ita ce a tsakar gida ba, kuma ta kusurwa da ta lungun da ke tsakanin benaye biyu ta fi kowacce sharri, don a nan take matsewa ta fito da ƙarfi. Ba mai kaɗawa a jere ke kayar da mutum ba, wannan jiki yana sabawa da ita. Mai zuwa bagatatan ce, lokacin da hannunka ɗaya ke riƙe da waifa ka miƙa gefe.

Ka sauya lokaci. A hunturu mu daga sallar asuba muke wucewa wurin aiki. Sanyi kam za ka sha, yatsu har ƙagewa suke, amma gari a kwance yake. Daga ƙarfe tara zuwa goma take tashi, to kafin nan ka gama fuskar gabas da ta arewa, tunda daga can take zuwa. In ta tashi ka koma yamma da kudu inda ginin ya tare maka, ko ka shiga ciki ka yi gilasan ɗakuna. Kuma a kowane jere ka fara daga ɓangaren da iskar ke fitowa ka bi ta, yadda fallatsin zai sauka kan wanda ba ka wanke ba tukuna.

Batun ruwa, in omo kake sawa ka daina, shi ke barin farin nan. Sabulun wanke-wanke na ruwa, ɗan kaɗan a bokiti. Ni ina ɗiga giliserin na kemis, ba da yawa ba, in ya yi yawa maiƙo zai bari. Kada yaro ya jiƙa gilashi guda gaba ɗaya, ya raba shi biyu, ya jiƙa ya ja, ya goge bakin robar da tsumma kafin ya sake ja. Robar ma ka duba ta, bushewar hunturu tana sa ta ƙandare ta tsattsage.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka bar kowa ya goge ƙurar nan a bushe. Akwai yashi a cikinta. Gilashi mai duhu, musamman in ledar nan aka manna masa, tsumma ɗaya ya isa ya zane shi, kuma wannan ba rabin kuɗi za a riƙe maka ba, biya za ka yi. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar tukuna.

Ɗan Zariya a Manchesta:

Malam Mai Waifa, ma'auni akwai. Irin aikin nake yi a nan Ingila, kuma nan iska abincin kullum ce. Motar nan mai ɗaga mutum a kwando, yawancin waɗanda aka yi don aikin waje an rubuta a jikinsu kada a ɗaga su in iska ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa. Ka lura, wannan na'ura ce mai nauyi da ƙafafu a ƙasa. Mai tsani ya kamata ya sauko tun kafin a je kusa da nan. Dokar aiki a sama ta nan, ta shekarar 2005, ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin dakatarwa in yanayi zai jefa ma'aikaci cikin haɗari, kuma hukumar lafiyar ma'aikata tana ɗaukar tsani a matsayin abin aikin da bai wuce minti 30 ba. Jingina shi kuma, duk mita 4 na tsawo a ja gindinsa mita 1 daga bango.

Ka nemi ɗan abin auna iska na hannu, mai farfela, bai kai girman waya ba. A sama za a auna, ba a ƙasa ba, kuma lambar da ta fi yawa za ka duba, ba matsakaiciya ba. In babu, ka yi amfani da bishiya: in ƙura da takardu na tashi, ƙananan rassa na motsi, kana tsakanin kilomita 20 zuwa 28 a awa. In ƙananan bishiyoyi sun fara rangaji ka kai wajajen 30. In manyan rassa na kaɗawa, wayar lantarki na fito, ka kai 40, babu maganar aiki.

Mu yanzu da wuya mu hau tsani. Doguwar sanda muke amfani da ita mai burushi a kai, tiyo na bin cikinta, ruwan kuma an tace shi har ba sauran gishiri ko ƙasa a ciki, sai a wanke a ɗauraye a bar shi ya bushe da kansa ba tabo. Mutum yana ƙasa zai kai hawa na uku ko na huɗu. Ina ganin ita ce maganin matsalarka.

Baba Mai Tsani:

Ɗan Zariya, lissafinka na iska na karɓa, amma sandar nan ban yarda ita ce magani a Kano ba. Ku can iskarku wankakkiya ce, ruwan sama ya dake ta. Tamu daga kwarin Bodele na Chadi take ɗauko kaya. Ka bar gilashi jiƙe ya bushe da kansa a watan Janairu, ai ka shafa wa ƙura gam ne. Ga ruwan burtsatse da yawancinmu ke amfani da shi, in ba a tace ba tabonsa ya fi na ƙurar muni, injin tacewar kuma da kuɗi. Sannan sanda mai tsawon mita goma a cikin iska, ai iska na wahalar da mai kayan kara. Ka tuna yadda wayoyin wuta suke bin gaban benaye a garuruwanmu, wasu hannu ma yana iya kaiwa. Jiƙaƙƙiyar sanda ta kauce ta taɓa waya, an gama. Tsanin alminiyam ɗin ma haka, a riƙa ɗaukarsa a kwance, mutum biyu.

Maman Ofis, Abuja:

Ni ta ɗaya ɓangaren nake, ni ke kula da gininmu kuma ni ke sa hannu a biya masu shara da wanki. Malam, ba kare manajan nake ba, amma shi ma wani ne ke tambayarsa. Abin da ya raba mu da rigima da mai wanke mana shi ne takarda. Mun rubuta cewa shi ke da ikon tsayar da aikin waje in iska ta yi yawa, ya dawo ya cika a safiyar da ta fara lafawa, ba ragin kuɗi. Mun kuma rubuta cewa daga Disamba zuwa Fabrairu ana duba aiki ne a lokacin da aka gama shi, ni da shi mu zagaya, in sa hannu. Ƙurar da ta sauka bayan nan ba tasa ba ce. In NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta fitar da sanarwar ƙura, yakan turo mini ta WhatsApp tun dare, sai mu ɗaga.

Kuma don Allah leƙowar nan da kuke yi ta taga a hawa na uku da na huɗu, da ɗamara ake yi a jiki, a ɗaure a abin da zai riƙe nauyin mutum, ba ƙarfen labule ba. Ka bincika batun rajistar yaranka da NSITF ma, wato hukumar inshorar ma'aikata, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kashi 1 cikin ɗari na albashi ta ce mai aiki ya riƙa zubawa.

Mai Waifa, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, omo kam shi muke sawa, daga gobe an daina. Na yi waya da manajan, ya yarda maigadi ya buɗe mana ƙarfe shida ranar Laraba, kuma zai fito ya duba kafin mu tafi. Maganar takarda ya ce sai ya gaya wa mai gidan. Hajiya, in ba damuwa ki turo mini yadda kuka tsara taku in kwaikwaya, ina so in sa har da iskar hadarin farkon damina, wadda ke yaye kwanon rufi, don ita ba ta ba da sanarwa kamar ta hunturu. Ɗan Zariya, abin auna iskar nan, a wurin masu kayan lantarki zan tambaya ko masu kayan gini?