Fulawa ce ke toshe min ƙirji ko hunturu?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A wani gidan burodi nake aiki nan Kumasi, ni ke juye buhunan fulawa cikin injin kwaɓi tun kafin asuba. Da atishawa da ƙaiƙayin ido abin ya fara. Yanzu tari ke tashe ni cikin dare, ƙirjina har fito yake yi. Da na je Bawku hutun Sallah, garau nake, ina dawowa aiki ya komo. Maigida ya ce ƙurar hunturu ce. Da aikin nan nake biyan haya, ku ba ni shawara don Allah.

Hajiya Mai Koko:
Sannu ɗana. Ka riƙa shan madara in ka tashi aiki, tana wanke ƙura. Ka haɗa da zuma.

Anti Nas:
Hajiya, ki gafarce ni, madara ciki take sauka, ƙurar kuwa hanyar numfashi ta bi. Ƙanena, ai Bawku ta fi Kumasi hunturu, ga shi can ka samu sauƙi. Wannan alamar asma ce wadda sana'a ke jawowa, kuma masu burodi na sahun gaba wajen kamuwa da ita. Jiki ne ke ƙin ƙurar alkama da sinadarin da ake zubawa don kwaɓi ya tashi da kyau. Mutum kan yi shekaru lafiya lau kafin ta bayyana, amma da zarar jiki ya ƙi, ko ƙura kaɗan ta isa ta tayar da ita.

Ka je asibitin Manhyia, ko su tura ka Komfo Anokye. Ka faɗa wa likita aikinka da bakinka, kada ka jira tambaya. Akwai ɗan bututun auna ƙarfin numfashi: kana hurawa aƙalla sau 4 a rana kana rubutawa, ranar aiki da ranar hutu, har mako 3 ko 4. Ventolin, maganin asma na shaƙa, buɗe ƙirji kawai yake yi na ɗan lokaci, maganin kumburin hanyar numfashi daban ne. In ka kasa gama magana saboda haki, ko tsakar dare ne a kai ka asibiti.

Baba Mai Tanda:
Na tsufa a sana'ar nan, yaro. Daina kakkaɓe buhu in ka juye, naɗe shi a hankali. Kusanto bakin buhun da kwanon injin, a fara juyawa da ƙaramin gudu. Kada a yi shara da tsintsiya a bushe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Hankicin da kuke ɗaurawa a hanci kwalliya ce, nemi takunkumin N95.

Anti Nas:
Gaskiya ne Baba, sai dai takunkumi ragewa yake yi. In gwaji ya tabbatar, gara ya koma wajen ƙunshe burodi ko kai wa 'yan kasuwa a Kejetia. Barin ƙurar da wuri shi ya fi ba da damar warkewa.

Malamin Asawasi:
Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, ta ɗora wa maigida samar da kayan kariya kyauta. Amma kada ka tare shi da doka tukuna. Je masa da takardar likita, ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Matsalar, katina na inshorar lafiya, NHIS, ya ƙare.

Anti Nas:
Danna *929# ka sabunta, ka biya da MoMo. Ka tafi da duk maganin tarin da ka saya a kemis, likita ya gani.