Neman kalma: yaya za mu kira "seismic waves" da Hausa?

Malamin Kongo: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma za a naɗi shirin rediyo kan girgizar ƙasa, rubutun kuma ya maƙale a nan. Ana son sunan motsin da ke ratsa duwatsu daga inda ƙasa ta tsage, da nau'o'insa biyu, P da S. A taimaka kafin isha'i.

Ƴar Samaru: Wa'alaikumus salam, Malam. "Igiyar girgiza", tunda kowa ya san igiyar ruwa. P ta zama "igiyar farko", S "igiya ta biyu". Sunan ya bi aikin: P na gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa cikin ɓawon ƙasa, S kuwa kusan 3.5. Tazarar isowarsu ga na'urar auna girgiza ita ke ba da nisan inda girgizar ta taso, duk daƙiƙa ɗaya kusan kilomita 8. Tashar awo ɗaya nisa kawai take bayarwa, sai an haɗa uku a zana da'irori kafin a gano wurin.

Baban Tudun Wada: Igiya ta ɗaure akuya ce. Ku ce "raƙuman ƙasa", kamar raƙuman ruwa.

Ƴar Samaru: Baba, raƙumi tozo yake nunawa, hawa da sauka. P ba haka take tafiya ba, matse dutse take yi ta saki, gaba da baya, kamar sauti. S ce ke kaɗa shi gefe da gefe, kuma ba ta ratsa ruwa, da haka ma aka gane cewa sashen waje na ƙwayar duniya narkakke ne. Raƙumanka sun fi dacewa da masu bin doron ƙasa, waɗanda ke isowa a ƙarshe su rusa gini.

Baban Tudun Wada: To ai su ne suka kashe mutane sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023. Mai kisa shi ya cancanci suna.

Bakano a Sabon Gari: Zagezagi za su raɗa mana kalma? Ku fara sanin ko igiya "ya" ce ko "ta".

Baban Tudun Wada: Kai dai je ka auna atamfa. Ilimi a Zazzau yake kwana, ku sai dai ku zo ɗiba.

Alaramma: Duk kun bar "zilzila" tana nan a Alƙur'ani, kuna tsintar fassarar Turanci.

Malamin Kongo: Allah gafarta Malam, zilzila ita ce girgizar kanta, mu abin da ke ɗauke da ita muke nema. Saura wurin da tsagewar ta fara a can ƙasa, da wanda ke samansa daidai.

Ƴar Samaru: Na ƙasa "tushen girgiza", na sama "cibiyar girgiza". Kada a haɗe su, domin zurfin tushe na cikin abin da ke yanke yawan ɓarna. A shirin, a kawo girgizar da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018, kada mai sauraro ya ɗauka abin na Japan ne kaɗai. Kuma a ma'aunin girgiza, maki 7 ya fi maki 6 ƙarfi kusan sau 32, masu fassara na yawan tuntuɓe a nan.

Malamin Kongo: Na ɗauki igiyar girgiza, tushe da cibiya. Raƙuman ƙasa kuma ga masu bin doro.

Baban Tudun Wada: An ba ni ƙashi an cinye tsoka. A dai naɗa, amma a ajina raƙuma ne duka.