Zanen yaƙi na Jamusawa: da wanne zan fara?

Malama Binta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman tsofaffin zanen Jamusawa a kan yaƙi, irin wanda ake karta da allura a farantin ƙarfe, asid ya ci, sannan a buga a takarda. Ɗalibaina zan nuna wa. Da wa zan fara?

Malam Auwal: Wa alaikumus salam, Malama. Nemi Hans Ulrich Franck na Augsburg. Yaƙin Shekara Talatin ya zana, na 1618 zuwa 1648, kuma tun 1643 ya soma, wuta na ci. Nasarar manyan kwamandoji ba ta dame shi ba. Soja a kan doki ya far wa manomi, ƙauye ya watse, shi ke nan.

Sadiya: Callot fa? Na ga wani nasa, gawarwaki reto a jikin bishiya kamar 'ya'yan itace.

Malam Auwal: Ƙanwata, Jacques Callot ɗan Nancy ne, a Faransa ta yau, ba Bajamushe ba. Amma a haɗa da shi. Zane 18 ne na 1633, da baitocin gargaɗi a ƙasa.

Hajiya Rabi: Ni dai Käthe Kollwitz. Ta yi zane 7 a kan tawayen manoma na 1525. A ciki akwai wata uwa cikin dare, da fitila a hannu, ta sunkuya tana duba fuskar gawa ko ɗanta ne. Ta gama jerin a 1908. Shekara shida bayan nan aka kashe nata ɗan, Peter, a fagen yaƙi a Beljiyam. Tunda na san haka ban ƙara iya kallon zanen nan kamar yadda na saba ba.

Sadiya: Allah sarki!

Injiniya Musa: Kun manta Otto Dix. Zane 50 ya fitar a 1924, kuma shi ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da kansa, ya riƙe mashinga. Ramuka, tsutsa a gawa, sojoji da takunkumin gas kamar aljanu. 'Yan Nazi sun kore shi daga koyarwa a Dresden a 1933. Sai dai Malama, shekarun ɗaliban naki nawa?

Malama Binta: 'Yan aji biyu ne na ƙaramar sakandare.

Injiniya Musa: To ajiye Dix tukuna, kada iyaye su biyo ki makaranta.

Malama Binta: Na ji. Hajiya, turo min na mai fitilar nan ta WhatsApp, Litinin zan shiga da shi.