Wane aiki bulon inji yake buƙata?

Da wasu makanikai suka tattauna aikin da ya kamata a yi wa bulo, wato gangar jikin injin mota, idan an kwance inji don gyara, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a wanke bulo tas, a duba tsaga, a auna, kafin a kashe ko sisi. Goge cikin silinda, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, kam ba a tsallake shi, in ba haka ba sabon zoben fistin ba zai zauna ba, inji ya dinga shan baƙin mai. Faɗaɗa silinda kuwa sai in farce yana maƙalewa a karcewar da ke bangonta, ko ramin ya cinye. Sannan a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Sassaƙe saman bulo sai injin da ya taɓa tafasa har ya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulo da kan inji. Daidaita mazaunin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, mafi yawansu sun ce ɓarnar kuɗi ce muddin boris ɗin da kiranshaf ke kwance a kai bai kwance ya juya a wurinsa ba.