Taurarin M13 suna fitowa a miƙe a hotona: ko in koma ga jagoran gefe?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina baro Jidda, inda fitilu suka shafe taurari, ina hawa dutsen Shafa kusa da Ɗa'ifa domin ɗaukar hoton dunƙulen taurarin nan na M13. Madubin hangena mai faɗin inci 8 ne, tsawon zangon haskensa milimita 2032, kuma na ɗaura masa ƙaramin madubin jagora a bisa, wanda yake riƙe tauraro ɗaya don na'urar ta riƙa bin tafiyar taurari daidai. Manhajar PHD2, mai kula da wannan jagoranci, tana nuna komai lafiya lau, amma duk hoton da ya kai minti uku sai taurarin su fito a miƙe kamar ƙwayar shinkafa. Mene ne mafita?

Dattijon Madina:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajar ba ta yi maka ƙarya ba, domin abin da ƙaramin madubin yake gani kaɗai take bi. Yayin da na'urar take juyawa tana bin sama, maɗaurin ƙaramin yana ɗan lanƙwasawa, babban madubin da ke ciki kuma yana ɗan gocewa, jagoran bai san an yi ba. Jagoran gefe yana kawar da wannan, saboda wani ɗan gilashi mai kusurwa uku ne yake tsinto haske daga gefen hanyar da hasken yake bi zuwa babbar kyamara, ya miƙa shi ga kyamarar jagora. Kyamarorin biyu ido ɗaya suke kallo da shi, don haka duk gocewar da ta sami ɗaya ta sami ɗayar. A irin zangonka, ni ban ga abin da ya fi shi ba.

Mai Lura da Zara:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ka shirya haƙuri. Filin da ɗan gilashin yake gani ƙanƙane ne, ni kaina na taɓa shafe rabin dare ina jujjuya shi kafin in sami tauraron da zan riƙe. Ka saita kaifin kyamarorin biyu tun da rana a kan wata hasumiya mai nisa, ka kuma ajiye gilashin ta dogon gefen faifan da ke karɓar haske a cikin babbar kyamarar don kada inuwarsa ta faɗa cikin hoto. Ka bar kyamarar jagora tana ɗaukar kowane hoto a daƙiƙa biyu ko uku.

Ɗan Jidda:
Allah Ya saka da alheri. Zan iya ɗaukar Kaza da 'Ya'yanta da wannan haɗin idan sanyi ya shigo?

Dattijon Madina:
Ba za ta shiga ba, faɗinta ya kusa digiri biyu, madubi mai gajeren zango take so. M13 kam daidai take da naka, amma ka tsaya a minti ɗaya zuwa biyu ka tara hotuna da yawa, kada tsakiyarta ta ƙone ta zama fari fat.