Da wane suna za mu kira "suwin" ɗin kamfas na jirgin sama?

Jama'a, ga wata kalma ta gagare mu a gida. Ƙanena yana koyon gyaran jirgi a AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Mando a Kaduna, jiya bayan isha'i yana ba Baba labarin aikin da suke kira kamfas suwin da Turanci, sai ya fassara shi kai tsaye, ya ce lilo. Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kai Auta, jirgin ne ake ɗaura wa igiya a bishiya?" Aka yi ta dariya, amma har muka watse ba wanda ya kawo sunan da ya zauna.

Ga yadda aikin yake, don masu ba da shawara su san abin da za su raɗa wa suna. Kamfas ɗin maganaɗisu da ke gaban matuƙi yana bin maganaɗisun ƙasa ne, sai dai ƙarfen jikin jirgin da wayoyin lantarki da rediyo suna janye shi, ya riƙa nuna arewa a inda ba arewa ba. Sai a kai jirgin wani fili nesa da ƙarafa, inda aka zana kusurwoyi a ƙasa. A tayar da inji, a kunna rediyo kamar ana cikin tafiya. A fuskantar da hancinsa arewa, a murɗa ɗan ƙaramin sukuru na jikin kamfas ɗin har ya nuna daidai, a juya jirgin gabas a murɗa ɗayan sukurun. In an zo kudu da yamma, rabin kuskuren kawai ake cirewa. Sukudireban ma na tagulla ne, domin na ƙarfe shi kansa zai ja kamfas ɗin. Daga nan a zagaya da jirgin, ana tsayawa duk bayan digiri 30, wuri 12 ke nan, ana rubuta ɗan kuskuren da ya rage a kati, a liƙa kusa da kamfas ɗin. Bisa ƙa'ida kada ya haura digiri 10. Akan sake aikin idan aka sa sabon rediyo, ko aradu ta faɗa wa jirgin.

Tun da safe shawarwari ke shigowa. Wani bakanike daga Panteka ya ce, "Oga, saiti kawai, mu da shi muke aiki." Na yarda saiti ya shiga Hausa ya zauna daram, to amma ai a zaune ma ana saita abu, shi kuwa wannan dole sai an juya jirgin gaba ɗayansa. Wata Malama ta kawo "gyaran alƙibla". Ya yi daɗi a baki, kuma ta tuna mini yadda manhajar alƙibla ke cewa a jujjuya waya kamar ana zana 8 a iska, wanda kusan dalilinsu ɗaya. Tsorona shi ne duk Bahaushen da ya ji alƙibla, Makka zuciyarsa za ta tafi.

Wanda ya fi kama hankalina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga sojan sama. Ya ce mu raba abu biyu: ciwon sunansa bauɗiya, tunda kamfas ɗin bauɗewa yake yi daga hanya, maganin kuma juyin saiti. Na ce, "Ranka ya daɗe, katin fa?" Ya ce katin bauɗiya, me ya rage?

Ni dai na tsaya a nan: juyin saitin kamfas, da katin bauɗiya. Na gwada su a kan Baba ɗazu da la'asar, ya gane ba sai an ƙara masa bayani ba, sai dai ya ce shi "zagaye" ya fi masa "juyi", wai juyi na waina ne.