Na tuba, amma wanda na cuta ya rasu: wa zan mayar wa?

Mai tambaya, daga Bukuru:
Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Shekara 8 da suka wuce, ina yaron shago a wurin wani mai sayar da kayan gini a Jos, na riƙa rage kuɗin ciniki kaɗan-kaɗan har suka kai naira 40,000. Bai taɓa sani ba, kuma bara ya rasu. Na sha yin addu'a da Zabura 51, na roƙi gafara da hawaye, amma duk ranar Jibin Ubangiji sai zuciyata ta hana ni miƙa hannu. Shin furta wa Allah kaɗai bai isa ba ne?

Wani dattijon ikkilisiya, daga Tudun Wada:
Ɗana, rashin kwanciyar hankalin nan ba alamar Allah ya ƙi ka ba ne, lamirinka ne yake tuna maka da abin da ya saura. A Littafin Firistoci 6:1-7, wanda ya ci amanar maƙwabcinsa sai ya mayar da ainihin abin, ya ƙara humushi (kashi ɗaya cikin biyar) a kai, a ranar da zai miƙa hadayarsa, wato a Shari'ar Musa ba a raba neman gafara da mayar da hakki. Tambayarka kuwa an riga an amsa ta a Littafin Ƙidaya 5:5-8: hakkin yana komawa ga dangin mutumin, sai in ba shi da kowa ne ake kai wa firist domin Ubangiji. Mu ba ma ƙarƙashin tsarin hadayu, amma na ga hikima a wannan lissafi. In ka bi shi, naira 48,000 ke nan, ko da yake kuɗin da ya sayi buhun siminti a wancan lokaci ba zai saye shi yau ba, don haka in da hali ka ƙara.

Wata uwa daga zumuntar mata:
Na yarda da Baba, sai dai ina tsoron kada yaron nan ya ɗauka kuɗi ne zai saya masa gafara. Yesu ne ya fara kiran Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya sauka a gidansa, daga baya Zakka ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Ɗana, 1 Yohanna 1:9 ta tabbatar mana cewa wanda ya furta zunubinsa an gafarta masa. Ka je ka biya a matsayin wanda aka riga aka yafe wa.

Mai tambaya:
Baba da Mama, na gode ƙwarai. Matarsa tana nan da yara uku. Kunyar fuskantarta ce ta fi kuɗin nauyi a gare ni, shi ya sa na yi tunanin in aika mata ta banki ba tare da bayani ba.

Dattijon:
Kada ka ɓoye, domin Littafin Ƙidaya 5:7 ta sa furtawa kafin biya. Ka roƙi fastonka ya raka ka, ka gaishe ta, ka faɗa mata da bakinka.